Gyaran da Bai Koma Tushe Ba: Bin Sawun Facin Manhaja da Makomar Rubutun Hausa

Gabatarwa

A shagunan buga takardu na unguwar Yakasai, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, haruffa masu lanƙwasa ba su gama samun wurin zama a kwamfuta ba har yau. Katin ɗaurin aure kan fito da ɗan akwati a gurbin ɗ. Jerin sunayen ɗaliban Islamiyya kan jefa Ɗanladi can bayan Zainab. Kundin ɗalibin jami'a da aka buga lafiya a wannan shago kan rikiɗe idan aka buɗe shi a wancan, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, baƙi ya koma baki. Kowane mai shago yana da dabarar da yake fita kunya da ita: wani ya sauya zubin haruffa, wani ya kwafo harafin daga tsohuwar takarda, wani kuma ya bar wa mai aiki ya lanƙwasa da biro. Dabarun suna biyan buƙatar ranar, amma iyakarsu wannan kwamfuta. Gobe idan aka sabunta manhaja, aibun ya dawo kamar ba a taɓa gyara shi ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, matsalar Hausa a na'ura ta daina zama ta ƙarancin masu iya gyara. Abin da ya rage shi ne rashin mai bin sawun gyaran, da rashin mai kai shi ƙofar da ta dace. Wannan aiki kuwa sassan nazarin Hausa na jami'o'i ne suka fi kowa cancantar ɗaukarsa, kuma ya kamata a lissafa shi cikin ayyukan ilimi.

Faci, tushe da reshe

Hausa ta riga ta mallaki kalmomin da ake buƙata. Tela yana yi wa riga maho, mai gyaran taya yana yin faci. A wurin masu rubuta manhaja, faci ɗan gajeren rubutu ne da ke nuna layukan da za a cire daga cikin umarnin manhaja da waɗanda za a sa a gurbinsu. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka bar umarninta a fili, kowa yana da izinin karantawa, ya gyara, ya rarraba. Linux da Firefox da LibreOffice da MediaWiki, wadda Wikipedia ke gudana a kanta, duk irinta ne.

Kowace buɗaɗɗiyar manhaja tana da tushe, wato taskar da masu kula da ita suke ajiye ainihin kwafinta. Daga nan wasu suke ɗiba, su haɗa ta da wasu manhajoji, su rarraba. Waɗannan su ne rassa. Facin da aka yi a reshe yana amfanar masu wannan reshe kaɗai, kuma dole a riƙa sake manna shi duk lokacin da tushe ya fitar da sabon kwafi. Facin da tushe ya karɓa kuwa yana gangarowa da kansa zuwa kowane reshe, har ya iso wayar da ke aljihun mai sayar da goro ba tare da ya san an yi ba. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyu shi ne jigon maganar.

Darasin shekarun 1990

Kano ta taɓa ganin wannan bambanci a aikace. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara maye gurbin tafireta, zubin haruffan da suke zuwa da ita ba su ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffa masu ɗauke da su, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla. Wannan hidima ce babba. Littattafai da mujallu da kundaye masu ɗimbin yawa da su aka buga, a lokacin da babu wata mafita a hannun marubuci.

Sai dai duk zubin haruffa na wancan zamani, a harsuna da dama na duniya, dabara ɗaya suka bi: a ari gurbin wani harafi ko wata alama, a zana harafin da ake so a kansa. Ido yana ganin ƙ, amma abin da na'ura ta adana wani abu ne daban. Shi ya sa a yau mai bincike a intanet yake cin karo da rubuce-rubucen Hausa masu cewa qasa da xaya da vata, ko waɗanda alamar baka ta zauna a gurbin harafi. Wanda ya nemi kalmar ƙasa ba zai same su ba. Manhajar da ke koyon harshe daga tarin rubutu kuma za ta ɗauke su a matsayin wasu kalmomi na daban.

Abin lura shi ne, ma'aunin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya riga ya tanadi lambobin waɗannan haruffa tun farkon shekarun 1990. Giɓin yana wurin masu zana haruffa da masu tsara allon madannai, waɗanda ba su ji wata murya mai ƙarfi daga ƙasar Hausa ba. Facin gida ya ceci shekaru, amma da yake bai zama dalilin gyara tushe ba, ya bar wa na baya aikin juya dubban shafuka.

Aibu ɗaya, ƙofofi da yawa

Abin da ke sa aikin ya yi wuya shi ne, abin da mai karatu yake gani a matsayin aibu ɗaya yana iya fitowa daga wurare daban-daban, kowanne da masu kula da shi. Kafin harafi ya bayyana a fuskar waya, ya ratsa hannuwa aƙalla shida.

Na farko shi ne Unicode. Ƙ da ƙ suna da lambobin U+0198 da U+0199, a rukuni ɗaya da Ɓ da Ɗ. Amma ƙananan ɓ da ɗ, masu lambobin U+0253 da U+0257, suna wani rukuni daban, na alamomin ilimin furuci. Mai zana haruffa da ya cike rukuni ɗaya ya tsallake ɗaya zai fitar da zubin da ke da ƙ amma babu ɗ. Ganin ɗan akwati a gurbin harafi, saboda haka, kusan kullum laifin zubin haruffa ne, wanda shi ne hannu na biyu. Idan zubin na iyalin Noto ne, ko ɗaya daga cikin na ƙungiyar SIL, yana da taska a buɗe da ake kai ƙorafi.

Na uku shi ne allon madannai. A Linux, tsarin madannan Hausa na Nijeriya yana cikin wani aiki mai suna xkeyboard-config. Wanda ya kai kukan rashin harafi a madannai wurin masu LibreOffice ya yi sallama a gidan da ba shi ba.

Na huɗu shi ne bayanan harshe: sunayen ranaku da watanni, tsarin rubuta kwanan wata da kuɗi, da jerin abacada. Babbar taskar wannan ita ce CLDR, ƙarƙashin ƙungiyar Unicode, kuma tana da kason Hausa na Nijeriya da Nijar da Gana. A ƙamus na Hausa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Manhajar da ta yi jeri da lambar harafi kawai, ba ta nemi waɗannan bayanai ba, ita ce ke kai Ɗanladi bayan Zainab. A nan sai an tantance: bayanan ne suka gaza, ko kuwa manhajar ce ba ta duba su ba? Amsar ita ke nuna ƙofar da za a nufa.

Na biyar shi ne injin da ke jera haruffa da wasulla a kan layi, wanda ya fi muhimmanci ga ajami. Mafi yaɗuwa shi ne HarfBuzz, wanda Android da Chrome da Firefox da LibreOffice suke amfani da shi. Ɗigon imala da ya kauce daga ƙarƙashin harafinsa yana iya zama aibun zubin haruffa, yana kuma iya zama na wannan inji. Na shida shi ne fassarar kalmomin manhajar kanta. Kuskuren fassara a fuskar Wikipedia ta Hausa, alal misali, a dandalin translatewiki ake gyara shi, ba a cikin maƙalolin ba.

Akwai kuma aibun da ke tsaye a kan iyaka. Manhajar rubutu takan ɗauki alamar da ke gaban 'y a matsayin buɗe zance, ta juya ta. Injin bincike kuma yakan raba 'ya'ya gida biyu. Wannan ya shafi madannai, ya shafi bayanan harshe, ya kuma shafi ƙa'idar rubutu, tun da Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Injiniyan da ke Jamus ko Amurka ba shi da ikon yanke wannan hukunci, kuma ba daidai ba ne a bar masa.

Yadda manyan ayyuka suke bin sawu

Masu buɗaɗɗun manhajoji sun daɗe da gane cewa faci marar asali haɗari ne. A taskar Linux akwai kundi mai suna MAINTAINERS da ke lissafa kowane ɓangare da sunan mai kula da shi, tare da wata ƙaramar manhaja da ke duba faci ta faɗi wanda ya kamata a aika wa. Tun 2004 ake buƙatar duk wanda faci ya ratsa hannunsa ya sa sunansa a ƙasa, don a san silsilarsa. Idan facin yana gyara wani kuskure ne, ana rubuta lambar canjin da ya haifar da kuskuren. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ita ke adana wannan tarihi layi bayan layi.

Debian, wadda reshe ce da ke tattara dubban manhajoji, tana da ƙa'idar da ake kira DEP-3. A saman kowane faci ana so a rubuta bayaninsa, da inda ya samo asali, da lambar ƙorafin da ya jawo shi, da ko an miƙa shi ga tushe, da ko tushe ya karɓa. Dalilin irin wannan tsantseni a fili yake ga wanda ya san tarihin gidan. A 2006 an yi wa manhajar tsaro ta OpenSSL wani ɗan faci a reshen Debian, aka cire layukan da ake zaton ba su da amfani. Facin ya zauna a reshe, bai shiga tushe ba, inda da idanu masu yawa sun bi ta kansa. Sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello ya gano cewa mabuɗan sirrin da aka ƙera a tsawon wannan lokaci sun taƙaita ga 'yan dubbai da ake iya lissafawa. Dole aka sauya mabuɗai a ko'ina cikin duniya. Harafin da ya ɓace ba ya fasa asusun banki, amma darasin ɗaya ne: gyaran da ya tsaya a reshe yana iya zama sabon aibu, ba tare da mai shi ya sani ba.

Al'ada ce da birni ya sani

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mazauna cikin ganuwa. A makarantun allo, gardin da ya yi satu ba ya yanke wa kansa hukuncin ingancin rubutunsa. Yana kai allonsa zaman darasu, inda alarammomi suke bin kowane harafi da wasali. Masu kwafar littattafai suna yin muƙabala, su gwada sabon kwafi da na asali, su rubuta gyara a gefen shafi. Malamin da ke ba da ijaza yana lissafa waɗanda karatun ya ratso ta hannunsu. Haka nan a sha'anin mulki: mutumin Yakasai da ke da ƙorafin iyakar gida ya san mai unguwa zai fara nufa, shi kuma ya san abin da zai kashe a zaurensa da abin da zai ɗaga zuwa sama. Ƙimar mai unguwa tana cikin sanin ƙofar kowace magana.

Rubutun boko ma haka ya samu daidaito. Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, kafin haruffa masu lanƙwasa su karɓi wurin. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Waɗannan su ne tushe na zamaninsu, kuma a tarurrukan baya masana Hausa sun zauna a ciki. Yau wani kaso mai yawa na wannan iko ya koma taskokin manhaja, inda kujerar Hausa take yawan zama babu kowa.

Abin da ajami ya nuna

Akwai shaida cewa ƙofar a buɗe take. Rubutun ajami na ƙasar Hausa yana bin salon magaribi da ruwayar Warshu, inda fa take ɗaukar ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Shekaru da dama masu buga ajami suna ta dabarun gida don fitar da waɗannan siffofi. A 2016, fitowa ta 9.0 ta Unicode ta ƙara haruffa uku da ta kira fa da ƙaf da nun na Afirka, bayan an gabatar da buƙata mai ɗauke da hotunan shafuka a matsayin hujja. Ƙungiyar SIL kuma ta fitar da zubin haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa hannun marubutan Kano, irin wanda ake gani a littattafan Kasuwar Kurmi, ta sake shi da lasisin da ya bar kowa ya yi amfani da shi ya kuma gyara. Salon da Andrea Brigaglia ya yi nazarinsa da sunan Kanawi a 2011 yanzu yana iya fitowa a kowace kwamfuta.

Wannan abin godiya ne, kuma abin tunani ne. Takardar buƙatar daga waje aka rubuta ta. Babu laifi a kan wanda ya yi. Sai dai wanda ya kai maganar shi ke zaɓen abin da za a fara gyarawa.

Uzurori uku

Za a ce wannan aikin masana kwamfuta ne. Rubuta facin yana iya zama nasu, amma mafi yawan abin da tushe ke nema hujja ce: shafin ƙamus da ke nuna jerin abacada, hoton rubutun hannu da ke nuna mazaunin wasali, ƙa'idar da hukuma ta amince da ita. Masanin harshe ne kaɗai zai iya cewa wannan kuskure ne, wancan kuma bambancin karin harshe ne tsakanin Kananci da Sakkwatanci. Haɗin gwiwa da sashen kwamfuta wajibi ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ragamar hukunci tana hannun masu harshe.

Za a ce jama'a rufaffun manhajojin kamfanoni suke amfani da su, ba buɗaɗɗu ba. Wannan gaskiya ne a zahiri kawai. Apple da Google da Microsoft duk suna ɗibar bayanan harshe daga CLDR, kuma wayar Android da ke hannun yawancin mutane da HarfBuzz da Noto take nuna rubutu. Gyara ɗaya a buɗaɗɗen tushe yana shiga rufaffun kayan da babu wanda zai iya taɓa su kai tsaye.

Uzuri na uku shi ne mafi nauyi: aikin ba ya cikin abin da kwamitin ƙarin girma yake ƙirgawa. Malamin da ya kwashe wata uku yana bin ƙorafi ɗaya har aka karɓa ba shi da abin da zai rubuta a takardar neman matsayi. Matuƙar haka ta ci gaba, masu ƙwazo za su zaɓi rubuta maƙala a kan matsalar, su bar matsalar a inda take. Wannan kuwa hukumomin jami'a ne za su iya warware shi. Facin da tushe ya karɓa ya ratsa tantancewar ƙwararru, yana da lamba da kwanan wata, kowa yana iya dubawa. Da wuya a ce bai kai bitar littafi daraja ba.

Abin da ya kamata a yi

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin sashe ɗaya ba. A buɗe rajista guda, a fili, ta aibobin Hausa a manhajoji, ƙarƙashin wata cibiya mai tsayayyen suna, irin cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Kowane aibu ya samu lambarsa. A rubuta inda aka gan shi da hotonsa, da matakan da za a bi a sake ganinsa, da hannun da ake zargi daga cikin shidan nan, da aikin da aka miƙa wa, da ranar miƙawa, da amsar da aka samu. A ƙarshe a rubuta fitowar manhajar da gyaran ya shiga, sannan a koma shagon da aka fara ganin aibun a tabbatar ya kau. Kafin wannan mataki na ƙarshe, kada a rufe shafin.

Ɗaliban da ke neman batun kundin digiri na farko za su iya zagaya shagunan Yakasai da maƙwabtanta su tattaro aibobin, domin masu shagunan sun fi kowa sanin inda na'ura ke tuntuɓe. Malami ɗaya daga sashen Hausa da ɗaya daga sashen kwamfuta su riƙa zama lokaci lokaci suna rarraba su. Abin da ya shafi ƙa'idar rubutu a ware shi, a nemi bakin Sakkwato da Zariya da Katsina da Yamai kafin a aika, don kada tushe ya ji muryoyi biyu masu karo da juna ya ajiye maganar. Haka kuma a tanadi manhaja ɗaya, buɗaɗɗiya, ta juya tsofaffin rubuce-rubucen qasa da xaya zuwa lambobin Unicode, a daina barin kowane ɗalibi yana sake ƙirƙiro tasa.

Kammalawa

Harshen da miliyoyin mutane suke rubutawa a waya kowace rana yana samun ƙa'idarsa ta aikace daga abin da madannai suka sauƙaƙa da abin da fuskar waya ta nuna. Idan ƙ tana da wahalar bugawa, matasa za su bar ta, kuma babu taron ƙara wa juna sani da zai dawo da ita. Masana Hausa sun yi shekaru suna rubuce-rubuce a kan lalacewar ƙa'idar rubutu a kafafen sada zumunta. Wani ɓangare na wannan lalacewa yana da adireshi, yana da mai kula da shi, kuma yana jiran takarda mai hujja. Sashen da ya fara buɗe rajistar nan, ya kai aibu goma ƙofofinsu cikin shekara guda, zai yi wa rubutun Hausa hidimar da za ta isa hannun mutanen da ba za su taɓa karanta mujallar jami'a ba.